Akwatin Gashi da Murmushin Arɗo Iro

Jikata Hadiza, wadda ke karatun aikin gashin ƙashi na asibiti, ta zo hutu da wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba. Ta manna mini faci biyu a gwiwa, ta danna, abin ya fara tsikarina. Ta ce, "Tsoho, ashe wannan ne aikin da kuka shekara talatin kuna cika mana baki da shi?" Ƙawayenta biyu suka fashe da dariya. Ban ji haushi ba, don na'urar tana da daɗi, kuma da a zamaninmu na same ta da har rawa sai na taka. Amma na ce su ajiye wayoyinsu su zauna. Abin da na gaya musu shi nake so sauranku ku ji, ku da kuke ganin aikin nan manna faci ne da danna maɓalli.

Ni mutumin Kusada ne, ɗan manomi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ɗauke ni shara da wankin kwanoni a wani ƙaramin asibiti a Kankia. Can ƙuryar asibitin akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da ake kira ɗakin gashi. Mai ɗakin shi ne Saje Ilu, tsohon soja da ya koyo aikin a asibitin sojoji. Gajere ne, kuma ba ya dariya sai ya ga wani ya tsorata. Shekara guda ina share masa ɗaki kafin ya tambayi sunana.

Ranar da ya fara koya mini bai yi wani bayani ba. Ya naɗe mini hannun riga, ya ɗaura mini wasu ƙananan faranti biyu na ƙarfe a dantse, ya murɗa wani abu a jikin akwatin gashin. Hannuna ya fizge da kansa, na yi tsalle na kife kwanon ruwa, sai ga ni a bakin ƙofa ina salati. Saje ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya ce, "To Lawal, yanzu ka san abin da za ka riƙa ba bayin Allah. Kullum da sahe, kahin ka taɓa kowa, ka hwara da naka hannun." Har na bar aiki ban taɓa tsallake wannan ba.

Akwatin na katako ne, girmansa kamar na keken ɗinki na hannu. Batura ne jere a cikinsa, don lantarki bai iso mana ba tukuna. Waya biyu ke fita, ja da baƙa, kowace da farantin kuza a bakinta. A fuskar akwatin akwai abin murɗawa da wata 'yar allura mai nuna ƙarfin wuta. Wutar iri biyu ce. Akwai mai fizga, wadda ke sa tsoka ta motsa ko mai ita bai so ba, ita muke ba wanda hannunsa ya mutu ko bakinsa ya karkace. Akwai mai lallashi, wadda ke tafiya shiru ba yankewa, ita ce ta ciwon baya da na jijiya. Mai fizga tsoro kawai take bayarwa. Mai lallashin ce ke ƙuna.

Farantin ba ya taɓa fata. Sai ka ninke ƙyallen auduga ninki goma sha shida, ka jiƙa shi a ruwan gishiri mai ɗumi, ka matse daidai, kada ya ɗiga kuma kada ya bushe. Ka wanke wurin da sabulu, don mutanenmu ba sa fitowa sai sun shafe jiki da man kaɗe ko na shanu. Ka bi fatar da ido da yatsa, duk inda ka ga tsagar ƙaho ko tabon sakiya ko ƙurji ka rufe shi da mai, don wuta tana son ƙofa. Sannan ka ɗaure da robar tayar keke. Wata uku na yi ina ninke ƙyalle, Saje yana warwarewa yana jefo mini.

Game da murɗawa kuwa doka ɗaya ya ba ni. Ya ce, "Allurar ga maƙaryaciya ce, kada ka yarda da ita. Mara lahiya shi ne agogonka. Ka murɗa kaɗan, ka tambaye shi. In ya ce tururuwa na tahiya, ka tsaya nan. In ya ce cizo, ka koma baya." Na riƙe wannan doka hannu biyu, kuma ta yi mini rana shekaru da yawa.

Mun ga mutane iri-iri. Akwai masu dakon buhunan gyaɗa da ƙugunsu ya riƙe. Akwai mata masu dakan hatsi da kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, waɗanda sai an samo wata ma'aikaciya ta ɗaura musu farantin, ni ina bayan labule ina murɗawa ina tambaya. Wani malamin makaranta daga Tafashiya ya zo da baki a karkace, an ce masa aljani ne ya mare shi, ya yi wata biyu yana zuwa a keke har bakin ya koma. Wasu su zo su gani, su juya, wai akwatin yana kashe mazakuta. Wasu kuma, musamman tsofaffin da suka saba da sakiya, ba su yarda da maganin da ba ya zafi ba, sai su ce, "Ƙara, ɗan nan, ba yaro kake wa ba." Da arzikin fetur ya fara shigowa sai ga sababbin alhazai, 'yan kwangila, su shafa tumbi su tambaye ni a ɓoye ko akwatin yana narkar da kitse. Nakan ce musu ba ya narkar da komai. Abin da yake yi shi ne ya rufe wa ciwo baki na awa biyu ko uku. Abin da mutum ya yi da wannan awa biyun shi ne maganin.

Masu ƙiba sosai su ne suka fi ba mu wuya, kuma su na fi tausayi. Ciwo ya zaunar da mutum, zaman ya ƙara masa nauyi, nauyin ya ƙara ciwon. Ga shi a garinmu ba a yi wa mai ƙiba jaje, barka ake masa, ana cewa jiki ya yi kyau. A wajen aiki kuma jijiyarsu tana can nesa, sai wuta ta ratsa kitse kafin ta isa, don haka sukan buƙaci a ɗan ƙara. Fatarsu tana da ninki da gumi, roba ba ta zama, faranti yana zamewa. Duk na san wannan. Saninsa ma ne ya kai ni ga kuskuren da zan ba ku labari.

A shekarar babban fari aka kawo mini wani dattijon Bafulatani, Arɗo Iro. Lokacin Saje ya yi ritaya ya koma garinsu, ɗakin ya zama nawa. Damina ta ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, rijiyoyi sun ja baya, gona ba kara ba harawa. A kan amalanke aka kawo shi, ƙarti suka sauke shi. Gadona ba zai ɗauke shi ba, sai tabarma muka shimfiɗa a ƙasa. Sikelin asibiti ma ya gaza, sai na masu sayen gyaɗa muka aro, tunda a shekarar ba shi da aiki. Ya haura buhu biyu.

An ce da can siriri ne kamar sauran danginsa. Wani bijimi ne ya maka shi da ƙasa a kasuwar kara, bayansa ya taɓu, ya daina bin shanu, ya zauna cikin gari yana dillanci. Shekara tara yana zaune a inuwa, matan ruga suna aiko masa da kindirmo da man shanu, mahauta suna aiko masa da tozo. Yanzu ciwon ya sauko daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. In ya kwanta ba ya tashi sai an ɗaga shi.

Babban ɗansa Dikko, wanda garken ke hannunsa a wajen Fakuwa, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, kwana nawa zai ɗauka?"

Na ce sai abin da Allah ya yi, na tambaye shi gaggawar mece ce.

Ya ce, "Rugage duk sun tashi sun yi kudu. Mu kaɗai munka saura. Shanu sun hwara kwanciya."

Na ce to me zai hana su tafi su bar tsohon a gari, tunda yana da gida? Ya dube ni kamar na zage shi.

"Tahiyar ga ba ta bana ba ce kaɗai. Wa ya san ko muna dawowa? In bar shi ma wa?"

Mota ba ta da amfani, don inda za su babu hanya, su kansu ba su san inda za su yada zango ba. Abin da Dikko yake nema ɗaya ne. In uban zai iya tashi daga ƙasa da kansa, to takarkarai za su riƙa karɓa-karɓa da shi, ya taka abin da ya samu. A daji babu gado, babu ƙartin ɗaga mutum sau biyar a yini. In kuwa bai iya ba, Dikko ba zai gusa ba, ko da garken zai ƙare a gabansa.

Kwana uku na farko na bi a hankali. Dikko ne ke taya ni juya shi, sannan ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, kansa a ƙasa. Uban ba ya kallonsa, ba ya kiran sunansa, in yana son ruwa sai ya gaya wa bango. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, na san haka Fulani suke da ɗan fari. Ina murɗawa ina tambaya, Arɗo yana cewa, "Ban ji komi ba."

Rana ta huɗu na zo da gaggawar Dikko a raina. Na ɗaura masa mai lallashi a ƙugu, na murɗa, na tambaya. Bai ji komai ba. Na ƙara. Bai ji ba. Allura ta wuce inda na taɓa kai ta a kan ɗan Adam. Na leƙa fuskarsa, sai na ga yana murmushi, haƙoransa farare tas, har yana shafa gemu. Na ce a raina, alhamdu lillahi, kitse ne ke shanye wutar, yanzu ta fara isa. Na bar shi haka minti ashirin.

Da na kwance roba na ɗaga ƙyallen, sai ga wani tabo fari-fari mai ruwan toka, faɗin kwabo, ba jini ba kumburi. Nan take na gane shi, don Saje ya taɓa kwatanta mini shi. Irin wannan ƙunar daga ciki take ci. Kwana uku ta buɗe ta zama gyambo. Likita ya zo ya duba, ya wanke ni tas a gaban ma'aikata, kuma bai zalunce ni ba. Ya ce ba akwati, ba motsa ƙugun nan, sai ya warke. A jikin mai ƙiba, a wurin da ke gumi, wannan magana ce ta sati biyar ko shida.

Na durƙusa gaban Arɗo na ce, "Na ƙona ka, ka yafe mini."

Ya ce, "Wace ƙuna? Ni ban san da ita ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari ina wanke gyambon sai wata tsohuwa ta shigo ba sallama, da ƙwarya a kai, siririya kamar sanda. Ta sauke ƙwaryar, ta leƙa bayan Arɗo, ta dube ni.

"Kai ne mai akwatin? Kai ka gasa mani bawa ba ka tambaye ni ba?"

Arɗo ya ce daga kwance, "Wa ya buɗe ma baiwar ga ƙohwa?"

Goggo Dudu ke nan, mai tallar nono, taubashiyarsa. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tsakaninsu babu kunya, sai wasa da zagi tun suna yara. Ta ce in gaya mata yadda aka yi. Na gaya mata, na ce na yi ta tambayarsa yana cewa bai ji ba.

Ta nuna Dikko da haɓa. "Wancan na nan tsugune?"

Na ce yana nan.

"A gaban ɗan hwarinshi kake tambayar shi ko ya ji zahi? Ko wuƙa ka sa mashi ba ya hwaɗi. Ya yi maka murmushi?"

Na ce ƙwarai.

Ta tafa hannu. "Kai ɗan nan, ba ka taɓa zuwa kallon sharo ba?"

Na je mana, sau nawa. Na ga samarin Fulani suna tsayawa a fili, a zuba musu bulala a ƙirji, fata ta tsage, su kuwa suna murmushi don kada a ce sun ji. Abin haushin ma, tabon bulalar yana nan reras a haƙarƙarin Arɗo. Ni da hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe da mai, kamar yadda aka koya mini, ban tsaya na tambayi kaina wane irin mutum ne ke ɗauke da su ba.

Goggo ta juya ga Dikko. "Kai, tashi hita. Tahi ka ga shanunka. Kada in sake ganin ƙahwarka cikin ɗakin ga." Ya tashi sumui-sumui ya fita. Ta karɓi audugar daga hannuna ta danna gefen gyambon.

Arɗo ya kurma ihu. "Wayyo Allah! Za ta kashe ni, muguwa ɗiyar mugu!"

Ta ce, "Ka ji, Malam? Yana da baki."

Satuttukan jiran nan su ne mafi tsawo a aikina. Nama ya yi arha a Kankia har ba mai so, don makiyaya suna yanka dabba kafin ta mutu. Kowace ranar kasuwa Dikko yakan zo ya tsaya a waje, ya gaishe ni da ladabi. In ce ya shanu, ya ce da godiya. Daga bakin Goggo nake jin gaskiya: jiya an yanka biyu, shekaranjiya jar saniyar da Arɗo ya gada wajen uwarsa ta kwanta ba ta tashi ba. Ba wanda ya taɓa cewa laifina ne. Ni dai duk fatar da na gani an shanya a bayan mahauta, a wuyana nake jin ta.

Goggo ba ta zauna jira ba. Likita ya riga ya ce a rage masa ci, amma wa zai mayar da kwanon da aka aiko wa Arɗo dubiya? Matansa ba su isa ba, ni ban isa ba. Ita kuwa taubashiya ce, kwace hakkinta ne. Sai ta zauna bakin ƙofa, duk kwanon da ya shigo ta buɗe. In tozo ne ko shinkafa da mai, ta ce, "Bawa ba ya cin wanga," ta ci rabi ta raba wa masu jinya sauran. Shi kuma ta miƙa masa tsala, nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa, da ɗan kwaɗon rama. Da nonon ma ya ƙafe sai kunun dawa. Kullum sai ya yi mata Allah ya isa, kullum sai ya shanye. Masu aiko da abinci ba su ji haushi ba, dariya ma suke yi, don kowa ya san wasan.

Da gyambon ya fara haɗewa likita ya yarda in koma, amma nesa da wurin. Na ɗaura faranti ɗaya a saman ƙugu, ɗaya a bayan cinya. Yanzu ba na tambayar Arɗo shi kaɗai. Goggo na zaune saitin fuskarsa. In murɗa, ya ce, "Tururuwa," ta ce, "Gaskiya ne." In ƙara, ya yi shiru, ta ce, "Koma baya, ga haƙoran nan sun hito." Ashe wutar da yake buƙata ba ta kai rabin wadda na ba shi ba.

Ana kwance roba aikin gaske yake farawa, don awa biyu muke da ita. Na ɗaura igiya a azara ya riƙa ja yana zama. Daga nan muka koma turmi, ya dafa ya durƙusa. In an ɗaga shi tsaye, ya taka daga ƙofa zuwa bishiyar darbejiya, kashegari ya wuce ta da taki biyar. Tafiya ta zo da sauƙi, riga ta fara yi masa yawa. Tashi daga ƙasa ne ya gagara. Na koya masa yadda Saje ya koya mini, gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙafa ɗaya a gaba, hannu a cinya, a yunƙura. Sai ya kai rabi ciwon ya harbe shi ya koma daɓas. Kwana goma muna abu ɗaya.

Ran nan Goggo ta gaji da kallo. Ta ce, "Malam, kai tashin mutane kake koya mashi. Wanga ai ba mutum ba ne, sa ne. Ka taɓa ganin saniya ta tashi da gaba? Baya take hwara ɗagawa."

Arɗo ya ce, "Uwarki ce saniya." Ya manta uwar tata goggonsa ce. Amma ya gwada. Ya kifa hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa, ya kafa yatsun ƙafa, ya ɗaga ƙugu sama, sannan ya riƙa jawo hannuwa baya kaɗan-kaɗan har suka iso gwiwa, ya dafa ya miƙe. Na ɗan tallafe shi a ƙarshe, amma da yatsa biyu ne. Ba ya cikin abin da aka koya mini, kuma na yi ta koya wa masu nauyi shi har na bar aiki.

Saura Dikko ya gani ya yarda, don ba zai tayar da garke a kan maganar baki ba. Nan kuma muka ci karo. Arɗo ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yi rarrafe ya ɗaga ƙugu a gaban yaron nan ba. Dikko ma, da na gaya masa, ya ce idonsa ba zai iya kallo ba. Na rasa yadda zan yi. Goggo ce ta warware.

Ranar kasuwa da hantsi na yi masa gashi kamar kullum. Goggo ta sa na kwance igiyar azara, na fitar da turmi da kujera da gado, har akwatin. Ta kira Dikko ya leƙa ta taga, ya ga ɗakin ba komai sai ubansa kwance a tabarma. Sannan ni da ita muka fito, ta ja ƙofa ta rufe. Muka tsaya mu uku a rana, Dikko ya juya wa ƙofar baya.

Muka ji motsin tabarma. Muka ji nishi. Sai wani tim, kamar an yar da buhu, ƙasa har ta amsa. Na yunƙura zan shiga, Goggo ta riƙe mini riga. Shiru ya yi tsawo. Na ga gumi yana bin wuyan Dikko. Goggo ta ɗaga murya ta ce, "In ka mutu ka hwaɗi, mu je mu ci kasuwa!" Amma hannunta da ke riƙe da rigata ya yi sanyi ƙalau. Nishi ya sake tashi, ya daɗe, ya yanke.

Sai ƙofar ta buɗe. Arɗo Iro ya cika ta, ƙura a goshinsa da gwiwoyinsa, numfashi sama-sama. Bai dubi ɗansa ba. Ya dubi bishiyar darbejiya ya ce mata, "A gaya ma masu shanu su ɗaure kaya. Jibi."

Dikko ya tsuguna inda yake, ya rufe fuska da hularsa ta malafa.

Jibin na hau keke na je Fakuwa da sassafe. Garken ya ragu ƙwarai, sauran ma ƙashi da fata ne, amma suna tsaye. Mata sun ɗaure ƙore da tabarmi a kan jakuna. Goggo Dudu ba za ta bi su ba, aurenta da 'ya'yanta a nan suke. Arɗo ya tsaya gabanta ya ce, "Baiwa, na 'yanta ki, tahi abinki." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar kaɗai na ga an kayar da ita.

Sannan ya yafito ni bayan wata bukka inda ba mai ganinmu, ya ɗaga riga ya juya mini baya.

"Duba aikinka."

Na duba. Ya haɗe sarai, sai tabo mai sheƙi, zagayayye. Na ce, "Ya warke, Arɗo."

Ya saki rigar. Ya ce, "Mu ba mu sa ma dabba wuta sai tamu ce. In na ɓace can kudu, duk wanda ya tsince ni ya san garken da zai maido ni."

Aka kawo masa takarkari ya ce a wuce da shi gaba tukuna. Ya karɓi sanda ya gicciya ta a kafaɗa, ya bi bayan shanunsa a hankali, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Bayan shekara biyu masu dawowa suka ce ya kai, kuma rabin hanyar da ƙafarsa ya yi ta. Har yau ba a maido mini shi ba.